Fatar Maraƙin Woɗe

Saniyar ta sake kai shuri, wannan karon ta sami Muntaka a kafaɗa, ƙwaryar tatsa ta kife. Ba abin da ya zube, don ba abin da ke ciki. Salamatu, matarsa, tana riƙe da igiyar ƙaho, ta ce ya ƙyale ta haka, tun asuba abu ɗaya yake yi. Ya sake durƙusawa ya kai tafin hannu ga hantsar a hankali. Ɓangaren baya na dama ya kumbura ya yi tauri, yana zafi kamar dutsen da ya wuni a rana. Ya matsa kan nonon da yatsu biyu. Wani ruwa rawaya ya fito da 'yan gudaji, sannan zaren jini ya biyo. Sauran nonuwan uku sun cika sun tsaya ƙyam, amma ko ɗigo ba su bayar ba.

Da saniyarsa ce da abin ya zo da sauƙi. Muntaka mahauci ne ɗan mahauci, kakansa ya biyo fatake daga ƙasar Katsina ya zauna a garin Garwa, kuma a gidansu kowa ya san abin da ake yi da saniyar da ta lalace. Amma wannan saniya, Woɗe, ta Hayatu ce.

Hayatu Bafulatanin daji ne. A shekarar babban fari ya kawo matarsa asibiti a bayan motar auduga, bai san kowa ba a birni. Muntaka ya tsince shi a bakin masallaci yana zaune da sandarsa, ya sauke shi a zaurensa. Salamatu ta riƙa dama kunu ana kaiwa asibiti. Matar ta rasu, kamar yadda matan da ake kawowa daga nesa suka saba rasuwa, bayan an tabbatar an rubuta sunanta daidai. Muntaka ya kama makara har kushewa. Hayatu ya koma daji bai yi doguwar godiya ba. Da damina ta zagayo sai ga shi a ƙofar gida yana jan jar karsana.

Fulani suna kiran wannan haɓɓanaye. Ka ɗaure wa amininka saniya a turkensa, ya sha nononta, abin da ta haifa nasa ne, in ta yi haihuwa uku ya mayar maka da ita. In ta mutu ajalinta ne, ba a bin kowa komai, sai dai a kira mai ita ya zo ya gani da idonsa. Tsakanin Fulani kawai ake yin abin. Kawun Hayatu, wanda ya rako shi ranar, ya faɗa da Fulatanci a gaban Muntaka, kamar haifaffen Garwa ba zai ji ba, cewa tun da Allah ya halicci saniya ba a taɓa ɗaure wa bangaro ita ba, wato mahauci, kuma kafin salla mai zuwa za a ga kan Woɗe a kan tebur a kasuwa ƙuda na bin sa. Hayatu ya ce shi ya san zauren da ya kwana. Ya ɗaure igiyar a turke da hannunsa.

Salla ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Muntaka ya kafa mata rumfa a bayan gida, ya koyi tatsa wajen matan ruga masu kawo nono gari, ya riƙa sayo mata dusa da ƙulin auduga. Woɗe ta haifi maraƙi ja kamarta. A tsakiyar bazara zawo ya kama maraƙin. Wata safiya Muntaka ya fito ya ga idonsa ya juye, wuyansa ya karye gefe. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Ya yi bismilla ya yanka tun da sauran rai, ya feɗe, kafin hantsi naman yana kan tebur, ƙanensa Ɗanmalam ya tafi da fatar. Muntaka ya wanke hannu yana ganin ya kyauta, ba a yi asarar komai ba.

Tun daga ranar Woɗe ta riƙe nononta. Ya ɗauka baƙin ciki ne, zai wuce. Yau ya ga abin da ya zama.

Ya ce wa Salamatu ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta riƙa ɗora mata, ya hau keke.

Garwa a shekarun nan gari ne da ake yi wa kwalliya kullum, saboda garin shugaban ƙasa ne. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, ana ta ginin da ba a gaya wa kowa na mene ne ba. Muntaka ya bi sabuwar kwaltar, ya saki inda ta ƙare, ya shiga rairayi har ofishin dabbobi. A ƙarƙashin bishiyoyin dalbejiya makiyaya sun tsugguna suna jira, abin da suka fi kowa iyawa. Wata mota tana tsaye a bakin baranda, ana loda mata akwatunan ƙanƙara, za a fita ƙauyuka rigakafi.

Wanda ke duba akwatunan Roger ne, ɗan kudu, ma'aikacin dabbobi. Ba likita ba ne cikakke, amma dokta kowa ke ce masa. Ya daɗe a arewa har yana Fulatanci kamar ɗan gari, sai dai yana jefo kalmomin kamar mai sauke kaya. Muntaka ya tsallake layi ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya ce allura yake so. Irin wadda aka yi wa saniyar bara, aka yanke mata kunne. Da idonsa ya ga abin da allurar nan ta yi: a zamanin mahaifinsa bushiya takan share garke a mako guda, mahauta su rasa inda za su sa nama, yanzu kuwa yara ba su san sunan cutar ba. Abin da ya kori bushiya ba zai kasa kumburin hantsa ba.

Roger bai ɗago kai ba. Ya ce waccan rigakafi ce, mai lafiya ake yi wa. Ana nuna wa jiki fuskar ɓarawo tun bai zo ba, don in ya zo a gane shi. Nasa ɓarawon ya riga ya shiga, yana kwance a ɗaki.

"To a yi mata na hantsar, dokta."

"Babu shi."

"Ya ƙare?"

"Ba a yi shi ba tukuna."

Muntaka ya tsaya yana kallonsa. Ya saba da a ce abu ya ƙare, ya san yadda ake yi da wannan amsa, akan jira ko a nemi ɗan uwan wani. Bai taɓa jin an ce ba a yi abu ba.

Wataƙila fuskarsa ce ta sa Roger ya ajiye aikin. Ya ce hantsa gida ce mai ɗaki huɗu, kowane ɗaki da ƙofarsa a waje, a ƙasa, kusa da kashi da ƙuda da hannun mai tatsa. Ƙwayar cuta ta ƙofar take shiga. Jiki yana aiko da mayaƙansa daga jini, amma sukan zo a makare, in sun faɗa cikin madara kuma su yi nauyi. Gudajin da Muntaka ya gani gawarwakinsu ne. Ya ce Turawa sun yi shekaru suna neman rigakafin abin, ya karanta a wata mujalla da ke iso musu bayan shekararta ta wuce. In sun haɗa na wata ƙwaya, wata daban ce ke shiga, kuma abin da suka zuba a jini kaɗan ne ke gangarowa har cikin nono.

"In sun samo," in ji shi, "zai zo Yawunde ya huta, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere ya huta, sannan ya iso nan ya tarar da jikokinka."

Akwai wani magani, in ji shi, ɗan bututu da ake matsawa ta kan nono, amma wannan shi ne ya ƙare da gaske. Ana iya samu a Yola, in mutum yana da kwana biyu da takardar tsallake iyaka. Kuma ko an same shi ba ya aiki a kan hantsar da ke cike. Babban maganin shi ne a tatse ta tas, a sake tatsewa, safe da rana da yamma, a fitar da ƙazantar, a ba jikin fili ya yi yaƙinsa.

"Ta ƙi sakin nonon."

"Ka saki maraƙin a kanta."

"Maraƙin ya mutu."

"To fatar. Ka cusa mata ciyawa, ka shafa gishiri, ka tsayar a gabanta. Shanun nan naku ba sa ba mutum nono, ɗansu suke ba, mutum sata yake yi a gefe. In ta ji warinsa ta lasa, za ta saki. Kowace yarinyar ruga ta san wannan."

Roger ya dube shi sosai a karon farko, daga hula har takalmi, ya tsaya a kan hannayensa.

"Mece ce sana'arka?"

"Fawa."

Roger ya rufe akwatin ƙanƙarar ya danne marfin da gwiwa. Ya ce Allah ya sa majema ba su riga shi ba. Direba ya tayar da mota.

Matan ruga sun koya wa Muntaka yadda ake zama, da yadda ake ɗaure ƙafa, da yadda ake jan nono ba a ji wa saniya ciwo. Ba wadda ta gaya masa a ajiye fatar maraƙi, don ba wadda ta taɓa tunanin akwai ɗan Adam da zai sayar da ita. Ya yi ta juya wannan a ransa yana taka keke zuwa kasuwa, rana ta riga ta hau kai.

A layin mahauta an fara rage nama. Tun daga nesa wani ya hango shi ya ce ga Arɗo nan ya sauko daga ruga, wani ya tambayi lafiyar garke. Tun zuwan Woɗe suke kiransa Arɗo, wai sarkin Fulanin ruga. Ɗanmalam yana bayan teburin da suka gada su biyu, yana sara ƙashi. Da ya ji abin da yayansa ke nema ya ajiye gatari ya yi dariya har ya riƙe tebur. Sai ya ga Muntaka ba ya dariya, ya goge hannu a riga ya ce tun ranar ya kai wa Baba Shu'aibu a majema, masu ƙirgi ba sa karɓar ƙananan fatu. Ya kuma tambaya, a hankali, ko saniyar tana cin abinci. Muntaka ya ce ba ta ci. Ɗanmalam ya tambaya ko tana tuƙa. Muntaka ya san dalilin tambayar, shi ya koya masa ita tun yana yaro, ranar da ya fara kai shi kara sayen shanun yanka. Ya juya kekensa.

Majema tana can ƙasan gari wajen kogi, inda aka tura ta don kada masu sa takalmi su ji warin abin da suke takawa. Manyan tukwane a binne har wuya, wasu na toka, wasu na bagaruwa. Baba Shu'aibu yana tsugune kan wani gungume yana kankare fata, hannayensa sun rine har gwiwa. Ya amsa gaisuwa ya ce yau kuma mahauta sun zo da ƙafarsu, ko sun zo neman gafarar fatun da suke hudawa. Muntaka ya ce fatar jan maraƙi yake nema, wadda ƙanensa ya kawo.

Tsohon ya gane ta nan take. Ya ce ai wannan ba a manta ta. Shekara da shekaru bai ga fiɗa irinta ba, ko ƙarzane babu, ko tsoka ba a bari a jiki ba, har ya nuna wa 'ya'yansa ya ce su ga yadda ake aiki a da. Saboda kyanta ma bai bar ta ta jira layi ba, ya sa ta gaba.

Ya ɗauki wata doguwar sanda ya nufi tukunyar toka. Ya juya, ya tsamo wata ya mayar, ya tsamo wata. Ta uku ce. Ta fito tana nauyi, ta kumbura, ruwan toka na zuba. Jan gashin yana nan a wasu wurare. Muntaka ya kai hannu ya taɓa bayan, gashin ya biyo yatsunsa kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da Baba Shu'aibu ya ji abin da za a yi da ita ya daina zolaya. Ya ce toka ba ta barin wari, aikinta ke nan. Muntaka ya ce a ba shi haka. Tsohon ya shiga rumfa ya fito da wata busasshiyar fata, ita ma ta jan maraƙi, da gashinta duka, ya ce ya haɗa da wannan, ko da yake saniya ba da ido take sanin ɗanta ba. Bai karɓi komai ba. Ya ce in saniyar ta tashi a aiko masa da kindirmo.

Muntaka ya gangara kogin Binuwai da fatar don ya wanke tokar. Kogin ya janye saboda bazara, sai da ya yi tafiya cikin rairayi mai ƙuna kafin ya kai ruwa. Ya tsoma ta a hankali, yana tallabe da ita da hannu biyu. Ruwan ya yi fari, sannan gashin ya fara tashi, yana bin ruwa ja-ja. Ya yi sauri ya tsamo ta, ya bi gashin da hannu yana kamfata, ya shiga har gwiwa. Abin da ya kama bai cika tafi ba. Ya ƙulle shi a bakin riga. Wasu mata masu wanki suna kallonsa, ɗaya ta ce wa ɗaya wani abu, ba su yi dariya ba.

Azahar ta wuce lokacin da ya iso gida. Woɗe tana tsaye, kanta a ƙasa, dusar safe na gabanta ƙuda sun rufe. Salamatu ba ta yi tambaya mai yawa ba. Ta ɗauko basilla da zaren buhu, shi ya kawo tattakar gero da karare huɗu. Suka cusa, ta ɗinka cikin, suka kafa kararen a madadin ƙafafu. Abin da ya fito bai yi kama da maraƙi ba, bai yi kama da komai ba, wani farin buhu ne mai santsi da tabon ja nan da can. Muntaka ya kwance bakin rigarsa ya manna gashin a gadon bayan da ruwan ƙaro, ya shafa gishiri da kanwa. Matan maƙwabta sun hau turmi suna leƙe ta kan katanga. Salamatu ta ce musu ba biki ake ba, ba wadda ta sauka.

Ya ɗauki abin ya tsayar a gaban saniyar, ya zagaya ya durƙusa da ƙwarya.

Woɗe ta ɗago kai. Ta yi wani kuka gajere daga maƙogwaro, wanda ba ta yi ba tun ranar da aka ɗauke maraƙin. Salamatu ta dafe baki. Saniyar ta miƙa wuya iyakar igiya ta sa hanci a kan fatar, ta bi ta daga wuya har gindi, ta dawo. Ta tsaya a inda aka manna gashin. Ta fito da harshe ta lasa sau ɗaya, ta sake lasa. Muntaka ya kama nonon gaba ya fara ja yadda aka koya masa, yana jiran ya ji abin nan da akan ji, lokacin da hantsa ke saki nono ya cika hannu. Ya ja, ya ja. Woɗe ta yi atishawa, ta busa tokar daga hancinta, ta kawar da kai.

Ya ce Salamatu ta ƙara gishiri. Ta ƙara. Ya ce ta riƙa motsa abin, ta tura shi ƙarƙashin saniyar kamar mai neman sha. Ta tura. Suka cire fatar suka sa busasshiyar ta Baba Shu'aibu, Woɗe ta shinshina sau ɗaya ta sa ƙaho ta wurgar da ita jikin danga. Suka mayar da ta farko. Daga nan Muntaka, mutum mai 'ya'ya aurarru, ya sunkuyar da kai bayan buhun tattaka ya yi kukan maraƙi. Ya iya, ya sha jin sa a mahauta. Matan da ke kan katanga suka sauka ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya kore su.

Bayan la'asar Woɗe ta kwanta. Ba irin kwanciyar saniya mai hutawa ba, gaba ta fara durƙushewa sannan bayan ya faɗi gefe guda. Salamatu ta zo da tsummanta ta taɓa hantsar, sai fuskarta ta saki. Ta ce Alhamdu lillahi, Malam, zo ka ji, zafin ya sauka.

Ya zo ya taɓa. Wurin ya yi sanyi kamar randa. Ya ɗaga ƙafar bayan ya duba a haske. Fatar ɓangaren ta koma shuɗi-shuɗi, wajen kan nonon ta fara baƙi, akwai wata iyaka a fili tsakanin inda ke da rai da inda babu. Ya danna da yatsa ya ji tana ƙara a ciki kamar busasshen ganye. Ya sha buɗe shanu masu irin wannan. Ya san yadda cikin yake, ya san warin, ya san ba su cika ganin rana biyu ba. Ya sauke ƙafar a hankali ya gyara mata wutsiya. Bai gaya wa Salamatu ba, amma ta daɗe tana aure da shi, ta ajiye tsumman.

Akwai wata Maimuna, mai kawo nono gari daga wajen ƙauyen Pitowa, da yamma take komawa da ƙorenta. Hayatu yana can gaba da su, a mashekarin rani bakin kogin Mayo Kebbi. Muntaka ya fita ya tare ta a kan hanya, ya ce don Allah ta sa a kai wa Hayatu saƙo a daren nan, Woɗe ta kwanta, ya zo. Ta tambayi abin da ya same ta. Ya faɗa, har da zancen fatar, bai rage ba. Ta dube shi, ta gyara gammonta, ta ce za a kai, amma ko da gudu ya taso ba zai iso ba sai gobe da rana.

Da ya dawo ya tarar da Ɗanmalam a bakin rumfa, tsugune, yana kallon saniyar da idon sana'a. An tashi kasuwa, wuƙaƙensa na naɗe a buhu a ƙarƙashin hammata.

"Yaya, ba za ta kwana ba."

"Na gani."

"Kafin magariba a gama. A yar da hantsar da abin da ke kusa da ita, sauran lafiya lau yake. Abin da aka samu ka kai wa mutumin, ko rabin karsana ya saya."

Muntaka ya ce an aika a kira mai ita. Ɗanmalam ya ce mai ita zai zo ya tarar da mushe, wanda ko kare sai ya yi shawara. Ya ce ya je ya tambayi liman, zai gaya masa barin halal ta zama mushe da gangan almubazzaranci ne, kuma ita kanta dabbar ana azabtar da ita. Ya ce ko Fulanin in saniya za ta mutu yankawa suke yi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ya faɗe shi ba da mugunta ba. Muntaka ya saurara yana kallon cikin Woɗe yana hawa yana sauka.

"Su Fulani ne," in ji shi. "In sun yanka, an ce ciwo ya ci ta."

"To a kira shaidu. Ga liman, ga mai unguwa."

"Liman Bahaushe, mai unguwa Bahaushe, mai yanka bangaro, mai sayar da naman ƙanensa. Ni ma da ni ne kawunsa ba zan yarda ba."

"Hayatu zai yarda."

"Zai ce ya yarda. Sannan ya zauna a cikin danginsa har ya mutu ana nuna shi."

Ɗanmalam ya ce to shi ke nan, a zauna a kalli nama yana ruɓewa don a burge wani tsoho a daji wanda ko sunansu bai riƙe ba. Ya ce mahaifinsu da yana da rai da ya tsine wa wannan aiki. Muntaka ya ce haka ne. Ɗanmalam ya ce yanzu yake faɗa, amma ya san shi, in ta fara shure-shure idonta ya juye ba zai iya tsayawa yana kallo ba, jininsu ba ya bari.

Sai Muntaka ya kira Salamatu, ya ce ta shiga ɗakinsa ta ɗauko wuƙaƙensa, babbar da ƙananan, da wadda ke ƙarƙashin tabarma. Ta kawo. Ya ce da gatari da lauje. Ta kawo. Ya ce da tata ta madafa.

"Malam, da me zan yanka kuɓewa?"

"Ki yi kuka yau."

Ta tsaya kaɗan, ta tafi ta kawo, wata 'yar tsohuwar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta. Muntaka ya laluba aljihu ya ciro askar da yake gyara gemu ya ɗora a kai. Ya haɗa duka ya miƙa wa ƙanensa, ya ce ya tafi da su gidansa, kada ya dawo da su sai Hayatu ya zo ya tafi. Ko shi da kansa ya aiko a karɓa, kada ya bayar.

Ɗanmalam ya karɓa ya naɗe su cikin buhunsa, ya fita. Salamatu ta bi shi ta rufe ƙofar zaure, ta leƙa ta tsagar kafin ta dawo. Ta ce bai tafi gida ba, yana can kan dakalin masallaci da buhun a cinya, ya fuskanci ƙofarsu.

Muntaka ya ce ta bar shi. Ya jawo buzunsa ya shimfiɗa a bakin turke, wajen kan saniyar, ya karyo reshen dalbejiya ya fara kore mata ƙuda. Ana kiran magariba tana numfashi.